Yatsu Biyu a Ƙarƙashin Haɓa

Zafin bana ya shigo da wuri. Tun makon jiya randarmu ta daina sanyaya ruwa, kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai da tsakar rana kamar ana taka shi, ganyen darbejiyar ƙofar gida kuma ko motsi ba ya yi. Jiya da safe Mama ta fito da buta a hannu, ta dube ni ta ce, "Rahila, sunkuya in gani." Na sunkuyar da kai, haɓata ta taɓa ƙirjina, ta ce to. Ni kuwa sai da na nemi bakin turmi na zauna. Shekara uku ke nan, amma kalmar nan guda ta mayar da ni cikin watan da nake so in rubuta a nan, ko ya sauka daga kaina.

A lokacin na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako. Muna haya a Wulari, ciki da falo, a gidan wata dattijuwa 'yar Kanuri da kowa ke kira Ya Falmata. Mu uku ne: ni, da Mama, da ƙanwata Hannatu mai shekara goma sha ɗaya. Baba yana aiki a Biu, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Mama malamar firamare ce.

Sanƙarau ya shigo garin tare da zafin bazara, azumin Musulmi kuma ya faɗo a tsakiyarsu. Da farko a rediyo muke jin labarinsa, ana sanarwa da Hausa a maimaita da Kanuri: kada a cunkushe a ɗaki, a buɗe tagogi, a kwana a waje. Daga baya ya zo layinmu. Ya ɗauki ɗan mai shagon bakin titi cikin kwana biyu. Ya ɗauki wata amarya da lallen ƙafarta bai goge ba. Aka rufe makarantu. A coci fasto ya gajarta wa'azi, ya ce a daina musafaha, kowa ya ɗaga wa ɗan'uwansa hannu daga nesa. Mun je layin allurar rigakafi tun hantsi har rana ta take, saura kaɗan a zo kanmu aka ce magani ya ƙare, a dawo wani mako. Kowa yana faɗin magana ɗaya: sai ruwan farko ya sauka cutar za ta tafi. Sama kuwa fara fat, ko ɗigon gajimare babu.

Wani ma'aikacin lafiya ne ya koya wa malaman makarantar su Mama gwajin, kafin a rufe. Mai sanƙarau wuyansa yana sandarewa, haɓarsa ba ta iya kaiwa ƙirji. Mama ta mayar da abin tamkar addu'ar safe. Kullum kafin mu sa komai a baki, sai mu tsaya gabanta. "Ku sunkuya." Ta zura yatsa ƙarƙashin haɓar kowa ta tabbatar babu sarari, sannan a karya kumallo. Hannatu ta mayar da shi wasa. Takan sunkuya har ƙasa ta ce, "Ranki ya daɗe, likitar Wulari, a sallame ni?" Mama ba ta dariya.

Ranakun nan tsarinsu ɗaya ne. Da asuba in famfon unguwa ya kawo ruwa, a ruga da bokitai, don yakan yi kwana uku bai tsiyaya ba. Da hantsi a yi shara da wanke-wanke kafin ƙasa ta fara ƙona ƙafa. Daga sha ɗaya zuwa la'asar babu mai iya komai, ko kaji sai su buɗe baki su kwanta a gindin randa. Da yamma mu taya Ya Falmata aikin buɗa-baki, ni ina surfen gero, Hannatu tana tace tsamiya, ita kuma tana zaune da busassun leɓɓa tana ba da umarni. In an sha ruwa takan aiko mana da kunu da ƙosai, wani lokaci har da burabisko. Mama ta ce mata ta daina wahala, ta ce, "Maman Rahila, wanda ya daka ai shi ma ya yi rabin azumi."

Tsakiyar ranar nan da babu abin yi, da littattafai na cike ta. Wata ƙawata a Moduganari ta ba ni aron kwali guda na ƙananan littattafan soyayya na Turanci, yawancinsu bangon ya cire. Wurin da ya fi sanyi a gidanmu shi ne simintin ƙarƙashin gadon Mama. Nan nake shiga in kwanta rub-da-ciki, in ɗaga kai ina karatu har wuyana ya gaji. Hannatu sai ta rarrafo ta kwanta kusa da ni, ina karantawa ina mayar mata da Hausa. Gumi yana ɗiga a takarda, mu kuwa muna can ƙasar da ƙanƙara ke rufe ƙofar gida.

"Yaya, ƙanƙarar nan da ke zubo musu kyauta, sha suke yi?"

"Shebur suke sawa su kwashe su zubar."

"Allah ya isa," in ji ta. Can kuma ta ce, "Ita wannan baturiyar ba ta da aiki ne? Tun jiya kuka take a taga. Ba mai aikenta ɗebo ruwa?"

Abu na biyu shi ne falon Ya Falmata. Ɗanta ya kawo mata talabijin da bidiyo daga Makka, ta ɗora su can saman kabad don kada jikoki su taɓa. In an kawo wuta da rana sai yaran gidan da na maƙwabta su cika tabarma, kowa ya ɗaga kai sama kamar masu duban wata. Ita ba ta kallo, tana azumi, sai dai ta leƙo ta ce a rage murya. Mama ba ta son zuwanmu ko kaɗan. Sai da Ya Falmata ta sa baki sannan ta yarda, da sharaɗin mu zauna a bakin ƙofa inda iska take. Ta kuma ce, "Ranar da ɗayarku ta ce min kanta yana ciwo, an gama kallo, kwalin nan kuma ya koma Moduganari."

A mako na biyu na watan nan na farka wuyana ya ƙage. Ba zan iya kwatanta tsoron da na ji ba. Na ga rumfunan da aka ce an kafa a asibiti don gadaje sun ƙare, na ga kaina a ciki. Da Mama ta ce mu sunkuya, na cije haƙora na danna kaina ƙasa da ƙarfi har haɓa ta taɓa. Kwana biyu ban faɗa wa kowa ba, ban kuma shiga ƙarƙashin gado ba, ina zaune ina jiran zazzaɓi. Bai zo ba. Rana ta uku wuyan ya saki. Ashe kwanciyar karatu ce. Na yi wa kaina dariya, na ce ashe ba kowane ciwon wuya ba ne, ni yanzu na san bambanci. Da a ce wuyana bai taɓa ciwo ba, da ban yi abin da na yi ba.

Ranar Laraba ta mako na uku aka kawo wani kaset na fim ɗin Indiya. Labarin wata mata ne da aka ɗora wa mijinta laifin da bai yi ba. Mun kai daidai inda alƙali ya buɗe baki zai yanke hukunci, aka ɗauke wuta. Falo ya kaure da ihu. Kaset ya maƙale a cikin bidiyo, mai shi kuma ya ce ranar Juma'a zai karɓi abinsa. Da yammar nan Hannatu ba ta ci ƙosanta ba, ta ce zafi ne.

Alhamis da asuba aka buga ƙofa, famfo ya kawo ruwa bayan kwana huɗu. Mama ta suri bokitai biyu. Tana bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Rahila, ki duba ƙanwarki kafin ku karya."

Na ce to. Na tashe ta. "Sunkuya."

Ta sunkuya, kan ya tafi ya tafi ya tsaya. Na ce ta ƙara. Ta runtse ido, ta ɗan ɗaga kafaɗu, amma bai ƙara ba. Na zura hannu ƙarƙashin haɓarta yadda Mama ke yi. Yatsuna biyu suka shige, manuni da na tsakiya, ba tare da sun matsu ba. Fatarta da ɗumi, amma a watan nan wa ke da sanyin jiki?

"Kanki yana ciwo?"

"Kaɗan. Yaya, don Allah kar ki faɗa. Yau za a kawo wuta, na sani."

"Tun yaushe wuyan?"

"Tun jiya wajen kallo."

Wajen kallo. Na tuna yadda take zama a gaba, duk da sharaɗin Mama, ta ɗaga kai sama awa biyu, na tuna nawa wuyan. Na ji wani sanyi a raina, don na samu amsar da nake so. Na ce mata, "Ɗaga kai ne. Ni ma ya yi min, kwana biyu ya tafi. Yau ki zauna a baya." Na ba ta ƙwayar maganin ciwon kai daga gwangwanin Mama. In zan faɗi gaskiya duka, ba tausayinta kaɗai ba ne. Ina tsoron rumfunan nan. Saura min shafi arba'in in gama wani littafi. Kuma ni ma ina so in ji abin da alƙali zai ce.

Mama ta dawo da bokiti a ka, zanenta ya jiƙe. "Kin duba ta?"

"Na duba."

"Ta taɓa?"

"Ta taɓa."

Ta sauke ruwan ta koma layi.

Ranar ta yi tsawo. Hannatu ba ta shigo ƙarƙashin gado ba, ta kwanta a tabarma ta juya wa taga baya. Na karanta shafi ɗaya sau uku ban san me ke ciki ba. Ina leƙenta ina ce wa kaina ga shi tana barci lafiya. Da azahar Mama ta tafi Maisandari gaisuwar rasuwar wata 'yar zumuntar matan coci. Wajen la'asar fanka ta motsa, yara suka kwashe da ihun an kawo wuta. Hannatu ta tashi tana dafa bango. Na riƙe hannunta muka tsallaka tsakar gida, hannun kamar an ciro shi daga murhu.

Sai da aka mayar da kaset baya, don wasu sun ce ba su ga farko ba. Hannatu ta zauna a baya kamar yadda na ce, ta jingina da ni. Da hoto ya fito sai ta rufe ido da tafin hannu. Na raɗa mata, "Ke da kika matsa, ki kalla mana." Ta ce hasken yana soka mata ido.

Ya Falmata ta shigo ɗaukar dabino a kabad. Ta tsallake ƙafafun yara, ta ɗauka, ta juyo, sai ta tsaya.

"Wannan me ya same ta?"

"Barci take ji, Ya."

Ba ta ko dube ni ba. Ta ajiye dabinon, ta durƙusa, ta kwantar da Hannatu a tabarma, ta sa tafin hannu ƙarƙashin ƙeyarta ta ɗaga. Kan bai lanƙwasa ba. Kafaɗu da baya suka taso tare kamar an ɗaga katako, gwiwoyinta suka naɗe, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakinta ba.

"Ku kashe abin nan," in ji Ya Falmata, a hankali. "Kowa ya tafi gidansu."

Matar da ta haura sittin, tun asuba ko ruwa ba ta sha ba, ita ta goya Hannatu da mayafinta. Na ce ta ba ni, ta ce, "Ke ruga ki tare mota." Motar farko da direban ya ga yadda kan yarinyar ya sandare baya, ya ja abarsa. Ta biyu Ya Falmata ta tsaya a gabanta a tsakiyar titi, ta yi wa direban magana da Kanuri, ban san me ta ce ba, ya fito da kansa ya buɗe ƙofa.

Rumfunan gaskiya ne. Har gindin darbejiya akwai marasa lafiya a tabarmi, an rataye ledojin ƙarin ruwa a rassa. Aka kira sallar magariba muna tsaye, Ya Falmata ta buɗe baki da ruwan famfon asibiti a tafin hannunta. Labari ya kai wa Mama, ta iso ɗankwalinta a hannu. Wata nas da idanunta suka yi ja don gajiya tana haɗa allura tana tambaya.

"Tun yaushe wuyan ya ƙage?"

Mama ta ce, "Yanzu ne. Da safe lafiyarta ƙalau, yayarta ta duba ta." Ta juyo. "Ko ba haka ba, Rahila?"

Na ce, "Haka ne."

Nas ɗin ta ɗago ta dube ni, ba ta daɗe ba, ta mayar da kai ga allurarta. Ta ce, kamar da kanta take magana, "Wannan cutar awa ake ƙirga mata, ba kwana ba."

Kwana shida Hannatu ba ta san inda take ba. Baba ya zo daga Biu. Mama ba ta bar gefen tabarmar ba. Ni ce mai kai-komo: in dafa, in cika jarka da ruwa, in kai, in kwaso zannuwa in wanke, in dafa su a tukunya kamar yadda aka ce. Ya Falmata kullum sai ta ba ni kunu a fulas, ta yi min sannu da Kanuri, "Wushe da ƙoƙari," ba ta taɓa tambayata komai ba. Nakan zauna ina jiƙa tsumma ina goga wa Hannatu a goshi, tabarmar dama da mu ta canja mutum sau biyu. Ista ta wuce ban sani ba. Addu'ata guda ce, ba ta da kyau ma: ya Allah, ka bar ta, ko da za ta tashi ta faɗi abin da na yi.

Rana ta bakwai ta buɗe ido ta ce tana son kunu. Mama ta faɗi a gwiwa tana godiya da harshen Bura, wanda ba ta cika yi a gaban mutane ba. Ina zuba kunun, murfin kwano ya suɓuce ya faɗi a siminti daidai bayan kan Hannatu. Matar da ke nesa da mu ta zabura. Hannatu ba ta ko ƙifta ido ba.

Mama ta zagaya bayanta ta ce, "Hannatu." Ta ƙara da ƙarfi. Ta tafa hannu. Hannatu tana kallon kunun, ta ce da wata murya mai ƙarfi da ba ta san ta yi ba, "Yaya, me ya sa kowa ya yi shiru?"

Ruwan farko ya sauka bayan an sallame mu da mako biyar. Yara suka fita tsirara suna ihu, kwanon rufi kamar zai tsage. Hannatu ta ga muna kallon sama, ta miƙa hannu ta dafa ginshiƙin rumfa, ta tsaya haka tana jin girgizarsa.

Yanzu shekararta goma sha huɗu. Tana magana, sai dai wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci ba a ji. Kullum da ƙaramin littafin rubutu da fensir a ɗaure a bakin zanenta. Ta koyi Turanci da kanta a cikin irin littattafan nan, ta fi ni sauri, yanzu ita ke ba ni labari. Talabijin ɗin Ya Falmata yana nan a saman kabad. In Hannatu tana son kallo, nakan zauna gefenta ina rubuta mata abin da ake faɗa, ni ban cika ɗaga kai ba. An yi mana rigakafin bana tun kafin zafi ya kama, babu ko layi.

Jiya da na zauna a bakin turmi, Mama ta ga fuskata. Ta ajiye buta. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta.

"Mama, ranar nan ba ta taɓa ba. Yatsuna biyu suka shige. Na ce miki ta taɓa."

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Na jira mari, na jira kuka, ko wanne ne da na karɓa. Sai ta zauna a kan tabaryar da ke kwance kusa da ni.

"Da na dawo da bokitin farko," in ji ta, "na ga ta ɗauki moɗa za ta sha ruwa. Ba ta sunkuya ba, moɗar ta ɗago har bakinta, kanta a miƙe. Na gani, Rahila. Na tambaye ki don ki ce min ta taɓa. Kwana huɗu babu ruwa, na bar bokiti a layi."

Ba mu taɓa juna ba. Muna nan zaune kamar waɗanda aka kora daga aji, sai ga Hannatu ta fito daga ɗaki da littafi a hannu, ta sa yatsa a shafin da take. Ta dubi fuskata, ta dubi ta Mama. Ta kwance ɗan littafin rubutunta ta miƙo min.

"Me kuke cewa? Rubuta min."

Na dubi Mama, ta gyaɗa kai. Na rubuta duka, nawa da nata, ya ci shafi biyu, fensir yana huda takarda. Hannatu ta karanta a tsaye, leɓɓanta suna motsi. Ta koma farko ta sake karantawa. Ta naɗe littafin ta mayar bakin zane, ta ɗaure da kyau.

"Ai ni na ce kar ki faɗa," in ji ta, da ƙarfi har kaji suka watse. Sannan ta ce, "Yaya, fim ɗin nan. Alƙalin me ya ce? An saki mijin?"

Na girgiza kai, na buɗe hannuwana. Ranar Juma'a mai kaset ya karɓi abinsa, ban taɓa tambayar kowa ba.

Ta dube ni, ta dubi Mama.

"Duk wannan," ta ce, "ko ƙarshensa ba mu gani ba."

Ta matso ta zura yatsu biyu ƙarƙashin haɓata, ta danna kaina ƙasa da ɗaya hannun har ya taɓa, ta yi wa Mama haka ita ma, sannan ta koma ɗaki da littafinta.